A Jinjina wa Alhaji, Mai Adana Motar Tarihi

Turawan Ingila suna da wata bas mai bene da suke ji da ita, sunanta Routemaster. An fara nuna ta a 1954, an ƙera guda 2,876 kafin a daina a 1968, kuma ta yi ta jigilar mutanen Landan har ranar 9 ga Disamba 2005, da ta yi sawun ƙarshe a layi mai lamba 159. Da aka sallame ta daga aiki, sai masu sha'awa suka yi ta saye. Yau Bature zai mallaki guda, ya kama hayar rumfar da za ta ɗauki mota mai tsayin mita 4 da ɗoriya, ya kashe Asabar da Lahadi yana goge-goge, ya yi wata da watanni yana cigiyar ƙarfe ɗaya na asali. Duk wannan don ya fito da ita sau biyu ko uku a shekara, a kai amarya, a ɗauki hoto, a mayar rumfa. Har ƙungiya gare su, har gidan tarihi na bas zalla a Brooklands.

Madalla da su. Amma a yi adalci. In dai riƙon tsohuwar mota mai hawa biyu abin yabo ne, to lambar girma ba ta Landan ba ce. Tana nan ƙasar Mayahi, a hannun Alhaji mai motar kasuwa, wadda ke kwasar mutanen Attantane da ƙauyukanta zuwa Mayahi da Tasawa. Shekara da shekaru bawan Allah yana wannan hidima, ba wanda ya taɓa ce masa sannu.

A fara da shekaru. Motar Alhaji in ba tsohuwar Mercedes mai gajeren hanci ba ce, ƙirar da aka soma a 1959, wato sa'ar Routemaster, to Berliet ce. Shi Berliet tun 1978 aka haɗe shi da Saviem a ƙarƙashin Renault, ba a jima ba sunan ya ɓace daga goshin motoci. Kamfani ya riga mu gidan gaskiya, motar Alhaji tana nan daram. Bature ya ɗaure tasa a rumfa tana zaman kashe wando. Ta Alhaji kuwa ba ta san hutu ba, duk ranar kasuwa tana kan hanya, rani da damina.

Sai maganar bene. Routemaster kujeru 64 gare ta, 36 a sama, 28 a ƙasa, in sun cika kwandasta ya ce a jira ta baya. Dubi rowa! Mu a wajenmu mota ba ta cika. Hawa na ƙasa na manyan baƙi ne: buhunan gero da wake, jarkoki, awaki, wani lokaci har da ɗan maraƙi. Ɗan Adam shi ake ɗaukakawa, a kai shi can sama bisa kaya, inda zai ga gonaki har iyakar ganinsa, ƙayar aduwa tana gaishe shi a fuska. Matakala kuwa ta masu son jiki ce. A nan taya za ka taka, ka kama igiya, karen mota ya fizgo ka.

"Inna, miƙo hannu, saman ya fi iska."

"Ɗan nan, ƙafafun nawa fa?"

"Ki zuro su waje, Inna, kowa haka ya yi."

Ta zuro su, ta biya kuɗin mota daidai da na kowa, ta ƙanƙame ƙullin kayanta da jikanta, ta yi bisimilla.

A wajen gyara ne Alhaji ya yi wa Bature fintinkau. Wancan sai ya tona littafi ya ga irin fentin da aka shafa a 1962, shi kuwa Alhaji ya yarda da basirar gida. Tankin mai ya ɓule tun tuni, sai aka sa jarka a gaba kusa da ƙafar direba, aka zura mata tiyo, kowa yana ganin man da ya rage ba sai an dubi allura ba. Ƙofa da robar tsohon tub ake ɗaure ta. Lagireto in ya yi yoyo, garin rogo na nan. Man birki in ya ƙare, ruwan omo ma ruwa ne. Tayoyin baya zanensu ya shafe tun zamanin mulkin Shugaba Tanja, sun yi sumul gwanin sha'awa. Birkin gaskiya kuwa yana hannun yaro: wani guntun icce da ake kira weji. In mota ta tsaya a kan tudu ta fara tunanin komawa inda ta fito, sai direba ya leƙo ya ce, "Kai, weji!" Yaron ya diro da gudu ya cusa iccen a ƙarƙashin taya, mutanen sama suna salati. Wane injiniya ne a Ingila ya taɓa ƙera birki mai ƙafa biyu, mai cin tuwo, wanda ba a biyansa albashi?

Kada a ce Alhaji ba shi da kuɗin gyara. Yana da su, tsantseni ne kawai. Sabon ƙarfe ɓata tarihi yake yi. Shi ya sa abin da mota ta tara yake bi ta wata hanya mai albarka: ƙarin aure, ƙarin shago a Maraɗi, Umra a kan kari. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da ke zuwa ta Kwatano suka yi tsada, Alhaji ya fi kowa kuka a tasha, ko da yake bakanikensa bai tuna ranar da aka aike shi sayen sabon abu ba ko kafin a rufe. Kuma saboda girmama kayan tarihi, shi kansa ba ya hawanta, ƴaƴansa ma ya hana su. A ƙaramar mota mai sanyi yake wucewa, ya ɗaga wa na sama hannu.

Ba shi kaɗai ya cancanci godiya ba. Akwai mai kaki a shinge, mutum mai kunya, wanda ba ya ɗaga kai ya ƙirga jama'ar da ke bene, ba ya sunkuyawa ya dubi taya. Karen mota ya ruga da takardu a ninke, ya ce, "Barka da aiki, shef," a buɗe, a ga abin da ke tsakiya, a ɗaga sanda. Takardar bizit ta ce mota lafiyarta ƙalau, to wane ne shi da zai ƙaryata takarda?

Akwai kuma Turai da karamcinta. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. Da hukumomin Holan suka binciki waɗanda ke barin ƙasarsu, sai suka tarar yawancinsu sun shekara 16 zuwa 20, kuma ba su da takardar lafiyar hawa titi. Wadda suke so sun kai gidan tarihi, sauran sun tuna da ƴan'uwa.

Abin dariya ma shi ne dalilin da ya sa Landan ta sallami Routemaster. Wai mai keken guragu ba ya iya shiga, wai ƙofar baya a buɗe take, mutum yana iya faɗowa. A kan wannan kawai! Motar Alhaji ba ta nuna wa gurgu bambanci, a sama ake ɗora shi da kekensa, kuma duk shekara tana ƙara wa guragu yawa. In ta kafe a rairayin Gulbin Kaba, fasinja su sauko su tura, motsa jiki kyauta. Mai naƙudar da za a kai asibitin Mayahi kaɗai ake yi wa uzuri, ita ta zauna a gindin icce ta jira.

Ranar da taya ta fashe, kaya suka rinjaya, hawa na sama ya koma ƙasa, ba a jin bakin kowa sai "tsautsayi" da "kwana ya ƙare". Alhaji ba ya wasa da zumunci: buhun shinkafa da goro suna isa gidan makoki kafin sadakar uku, shi ma ya zo ya zauna a tabarma ya yi wa mutane wa'azin haƙuri. A ɗaga mota, mai walda ya kwana biyu yana bugu, a ƙara rubuta addu'a a goshinta da sabon fenti. Kasuwa mai zuwa tana tasha, an ƙara dala ashirin a kuɗin mota saboda tsadar walda.