Bakteriyar da Ta Gaji Haɗin Kai

Zoogloea bakteriya ce da ke aiki a matatun ruwan masai, ba albashi, ba hutun ƙarshen shekara. A 1914 masu bincike Ardern da Lockett suka fito da dabarar tsabtace ruwan ƙazanta ta hanyar hura masa iska tare da sake amfani da dunƙulen bakteriya, a Manchester ta Ingila. Ƙwayoyin bakteriyar kan cinye dattin, su dunƙule, su nutse ƙasan tanki, ruwa ya kwanta garau a sama.

Wannan zumunci a jini yake. Wani rukunin ƙwayoyin gado a jikin Zoogloea resiniphila ne ke haɗa sukari mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, wanda ke lulluɓe jama'ar. Wasu kuma na ƙera furotin ɗin PEP-CTERM, da umarnin wasu furotin biyu, PrsK da PrsR: na farko ya jiyo labari, na biyu ya sa hannu.

Idan masu bincike suka lalata ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado, bakteriyar ba ta mutuwa, ba ta kuma rage ci. Zaman tare kawai take ƙi. Kowacce ta kama gabanta, ruwa ya zauna a gurɓace, injiniya ya kwana yana zagaye tanki.