Zuwa ga Dijen Haɗeja

Baiwata Dije, ubangidanki Bakatsine na gaishe ki. Ya ruwa, ya sauro? An ce min kin hana a kira ki Dije, wai ke yanzu "Khadeejah" ce, haka ma kika rubuta a Facebook. Ikon Allah! Harshen da ya saba da ƙayar tarwaɗa yau shi zai furta harafin da Balarabe ke ƙaƙalowa daga maƙogwaro?

Sunan dai babba ne, wannan ba wasa a ciki. Na Nana Khadija 'yar Khuwailid ne, attajirar Makka, matar Annabi (SAW) ta farko, wadda ta rasu shekara 3 kafin hijira. Laƙabinta "al-Kubra" shi ne Kubura da muke jin ana kiran wasu da shi, musamman a gidan da ake sakaya sunan saboda na uwa ne ko na suruka. Amma a asalin Larabci, Larabawa kan faɗi kalmar Khadija ga jinjirar da ta zo kafin watanta ya cika. Bakwaini ke nan. Na daɗe ina mamakin gajen haƙurinki, ashe tun ran suna aka gano ki.

Bahaushe bai da wannan harafi na "Kh", sai ya sassauta shi. Haka ya yi wa Alhamis da lahira da alheri da Halidu, kuma ban taɓa jin kin kai ƙara ba. Ta nan Hadiza da Hadizatu suka fito, aka rage wa hanya aka ce Dija, aka ƙara shagwaɓa aka ce Dije. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Turkawa Hatije suke cewa, a Mali da Gini Kadiyatu ce, Yarbawa su ce Kadijat. Duk cikinsu babu wanda ya nemi izinin mutanen bakin kogi.

Ku da ko sunan garinku haɗe-haɗe ne. Ba ku kuke ba da labarin maharbi Haɗe da matarsa Jiya ba? Kun ɗinke miji da mata kun yi gari, sannan Dije ce za ta dame ki? Na san taurin kan gado ne: Sarkinku Buhari ma Sakkwato ya bijire wa, balle ni.

To ni dai Dije na sani. Ranar cika-ciki na tafe, kuɗin sharata kuwa ba na son takarda. Ki ɗauro min kwali guda na bandar kifi da buhun tattasan fadama, ki ba direba a tasha, ki rubuta sunanki a jiki yadda duk kika ga dama.