Mun Je Teku, Amma Babu Ruwanmu

Duk wanda aka haifa a Babura ya san yashi tun kafin ya san sunan kakansa. A cikinsa muka yi rarrafe, shi ke cika mana takalmi a hanyar kasuwa, shi ke riƙe tayar mota a ƙauye har sai an tara majiya ƙarfi. Ruwa kuwa baƙo ne, ya sauka da damina, kafin a gama yi masa sannu da zuwa ya ɗaure kayansa. Saboda haka ranar da Sakataren ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna Legas ya miƙe a taron wata ya kawo shawarar a fita yawon buɗe ido bakin teku, sai Ma'aji ya gyara zama ya tambaye shi, tsakani da Allah, me za a sayo a can.

"Ba sayayya za mu yi ba, Alhaji. Kallo za mu je."

"Kallon me?"

"Kallon ruwa."

"A rufe shago, a biya kuɗin mota, a je a kalli ruwa, a dawo?" in ji Ma'aji. "Malam Sakatare, ko dai zazzaɓin nan ne ya dawo?"

Kada ku ga laifinsa. Ya fi shekara ashirin yana fataucin dabbobi a Alaba Rago, iskar teku na kaɗa masa hula kullum, amma bai taɓa zuwa ya ga inda take fitowa ba. Haka yawancinmu muke. Mun san Agege lungu-lungu, mun san Mile 12 da Idi-Araba, mun san farashin kwandon tumatir kafin ya sauka daga mota. Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, mu ko taku ɗaya ba mu taɓa yi a kanta ba, don ba a taɓa ce mana ana cin kasuwa a wurin ba.

Abin da ya karya gardamar bai wuce jimla ɗaya ba. Sakatare ya ce 'yan ƙungiyar wani gari maƙwabcinmu sun je, har sun sa hotuna a Facebook. Kafin ya rufe baki an amince. Aka kafa kwamitin mota, da na abinci, da na anko, da wani kwamitin da zai sa ido a kan kwamitin abinci. Akwai wani abokin zamanmu mutumin Kazaure, shi aka naɗa mai ba da shawara kan harkar ruwa, tunda suna da dam ɗin Muhammadu Ayuba a garinsu, kuma ya sha gaya mana cewa yana yaro yakan ƙetare shi da iyo kafin karin kumallo. Mutumin Roni ya ce ba komai, a sa a rubuce cewa ranar da za a je hawan dutse muƙamin nasa ne.

An tsayar da ƙarfe bakwai na safe, zuwa Badagry. Ɗan jagoran da aka ɗauko, wani saurayi ɗan ƙabilar Egun da ya yi bautar ƙasa a Arewa ya tsinto Hausa daidai ta cefane, ya iso shida da rabi. Allah sarki. Bai san cewa a wurinmu ƙarfe bakwai sunan niyya ne ba. Duk wanda aka kira sai ya ce, "Ga ni nan a hanya," kana jin ƙarar bokiti a bayansa. Shugaba ya iso goma da rabi, don ba ya yiwuwa babba ya riga mutanensa zuwa, ya shigo yana faɗan cewa an ɓata masa lokaci. Kayan da aka loda kuwa, in ka gani sai ka ce ƙaura za a yi: tabarmi, butoci, kuloli manya da ƙanana, dambun nama, fura a ƙullin leda, buhunan fiya wata. Mutanen da za su wurin da ruwa ya fi yawa a duniya, da guzurin ruwansu.

A hanya ɗan jagora ya tsaya a gaban bas yana bayani da iya ƙarfinsa. Ga sarautar Akran ta Badagry, ga iyakar Seme da ƙasar Benin can gaba kaɗan, ga gonakin kwakwa da garin ya yi suna da su. Babu mai sauraro. Rabin motar na gardamar ko tafiyar ta kai a yi ƙasaru, ɗaya rabin na waya da gida: "Kuna ji na? Ina hanyar teku! Teku! A gaya wa su Inna." Ma'aji ya fara ƙirga shingayen hanya da carbi, da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne sai ya koma istigfari.

Zangon farko shi ne benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake wa kirari da bene na farko a Nijeriya. Kafin a shiga sai da aka yi ciniki. Ma'aji ya dubi mai yankan tikiti ya ce, "To, nawa ne gaskiya?" Aka nuna masa allo. Ya taya rabi. Aka sake nuna masa allo. Ya juya kamar zai tafi, yana jiran a kira shi, ba a kira shi ba. Bai taɓa ganin kasuwa marar mutunci irin wannan ba.

A ciki ne Kawu ya samu abin da ya zo nema. Kowace tafiya tana da irinsa: dattijon da ba a taɓa faɗar abin da bai riga ya sani ba. Ya ce wa ɗan jagora, "Yaro, ka taɓa zuwa Katsina? Ka ga hasumiyar Gobarau? Lokacin da aka gina ta, kakan kakan wanda ya gina wannan ba a haife shi ba." Ni dai a nan ina bayan Kawu, don Gobarau ta girmi benen nan da ɗaruruwan shekaru, kuma magina a ƙasar Hausa sun daɗe suna ɗora soro a kan soro. Yaron ma ya yarda, ya ce a gyara, na farko irin ginin Turawa. Kuskurensa kenan. Daga wannan nasarar Kawu ya karɓi ragamar tafiyar, har ya sanar da mu cewa ruwan da za mu gani Bahar Maliya ce. Aka ce masa Atilantika ce, Maliya tana Jidda. Ya ce duk ruwa ɗaya ne, suna ne kowa da wanda ya raɗa masa.

Ɗan jagora ya so ya jawo hankalinmu da abin da ya shafe mu. Ya ce daga garin nan Bature Clapperton ya tashi a watan Disamba na 1825, ya nausa Arewa, ya isa Kano a tsakiyar 1826, ya ƙarasa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ajali ya same shi a watan Afrilu na 1827. Ya ce ga shi yanzu an ƙaddamar da aikin titi a 2024 daga Illela ta Sakkwato har zuwa nan Badagry, fiye da kilomita 1,000. Ma'aji ya yi shiru yana nazari, sannan ya ce, "Shi Baturen, me ya je sayowa?" Aka ce kallo ya je yi, ya rubuta abin da ya gani. Ma'aji ya girgiza kai, ya dubi Sakatare, kallon da ke cewa ka dai ji yadda mai zuwa kallo ya ƙare.

Wuri ɗaya ne bakinmu ya mutu: kurkukun bayi na Seriki Williams Abass. 'Yan ɗakuna ne ƙanana masu duhu, da 'yar taga can sama wadda ko kan yaro ba zai shiga ba. Ɗan jagora ya ce ɗaki arba'in ne a da, kowanne ana cusa mutum arba'in, su jira jirgi. Ya nuna mana sarƙoƙi da mari, da wata lema da ya ce an musanya ta da mutum arba'in. Sannan ya juyo ya ce cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa, an kai su Bahia ta ƙasar Brazil, kuma har da su a boren da Musulmi bayi suka yi a birnin Salvador cikin azumin 1835, da layunsu da rubutunsu na Larabci. Baba Liman ya cire tabarau ya ce, "Kenan muna da dangi a can?" Babu wanda ya amsa. Na ga Ma'aji, mutumin da ke kimanta sa da kallo ɗaya, yana duban lemar nan, leɓɓansa na motsi, ya fara lissafi ya kasa ƙarasawa.

Shirun bai kai minti biyu ba. Wayar wani ta ɗauki waƙar siyasa, wani matashi kuma ya rataya sarƙar a wuya, ya gyara hula, ya washe baki ya ce, "Yaya, ɗauke ni, amma ka bari agogon ya fito." Na ɗauke shi. Agogon ya fito.

Daga nan sai kwalekwale, don tekun na bayan tsibirin Gberefu, sai an ƙetare wani ruwa kwantacce da ke tsakani. Aka raba mana 'yan riguna masu ruwan lemo da ke hana nutsewa. Wanda bai ga an ɗaura irin wannan a kan babbar riga mai aiki ba, bai ga abin dariya ba. Muka waiwaya neman mai ba mu shawara kan harkar ruwa, sai ga shi zaune a kan kula, ya ce ya duba ya ga bai kamata a bar kaya ba mai tsaro, shi ya sadaukar da kansa. Da inji ya tashi, jirgi ya ɗan karkata, sai salati ya kaure. Ma'aji ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ka shaida, kuɗin ankon bara akwai ragowa a wurina, ku yafe ni." Tafiyar 'yan mintoci ce. Da ƙafarsa ta taka tudu na tuna masa, ya ce shi bai san zancen ba, ƙarar inji ce ta sa na ji ba daidai ba.

Sai tafiyar ƙasa a cikin yashi, tsakanin itatuwan kwakwa, hanyar da bayin suka bi zuwa inda ba a dawowa. A tsakiya akwai wata rijiya da aka ce ana tilasta musu shan ruwanta don su manta gida. Sakatare ya nemi a ɗebo masa gora ɗaya ya kai wa masu binsa bashi. Kawu ya ce a bar ta kawai, waɗanda muke zaɓa sun riga sun shanye.

Tun kafin mu ga teku muka ji ta, wani gurnani kamar hadarin gabas da ya ƙi saukowa. Muka hau wani ɗan tudu, sai ga ta. Ruwa har inda ido ya ƙare, babu gaɓar can, babu bishiya, babu komai sai sama da ta sauko ta zauna a kansa. Raƙuman ruwa na tasowa jere, su durƙusa a gabanmu da farin kumfa, su koma. Ni da na girma ina ganin kududdufi na ƙafewa kafin a gama girbi, gwiwata ta yi sanyi.

Na juyo in ga yadda 'yan uwana suka ji. Duk sun ba ta baya. Mutum talatin da anko, kowa ya ɗaga waya, ya karkace kai, yana neman inda haske ya fi. Teku dai ba ta ga fuskar Babura ba a ranar, ƙeyarmu ta gani. Wani ya sa hotonsa a WhatsApp ya rubuta cewa yana ƙasar waje, da aka yi masa magana ya ce ai Seme ba nisa. Shugaba ya yi jawabin godiya mai tsawo, raƙuman ruwa suka cinye shi ɗungurungum, kuma kowa ya yarda bai taɓa jawabi mai daɗinsa ba. Ma'aji ya tsuguna, ya damƙi yashi, ya murza, ya shinshina, ya ce na gida ya fi shi, wannan ko gero ba zai yi ba. Duk da haka ya tambayi nawa ake sayar da fuloti.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe kuloli, nan ne kowa ya nutsu. Da azahar ta yi aka tayar da gardamar alwala da ruwan gishiri, Baba Liman ya ce tun a Risala an gama wannan magana, ruwan teku mai tsarki ne. Kawu ya kurkure baki, ya tofar, ya ce halas ɗin dai halas ne, amma an cika gishiri. Wannan bai hana shi cika jarka biyu ba, don ya ji an ce yana maganin sanyin ƙashi, da sammu, da rashin ciniki. Ɗan jagora ya roƙe mu mu jira faɗuwar rana, ya ce don ita mutane ke zuwa daga nesa. Muka ce rana ai kullum tana faɗuwa a garinmu kyauta, kada magariba ta same mu a hanya. Muka naɗe tabarmi, muka bar wa teku tsarabar ledoji.

Da na je gida da Babbar Sallah, Gwaggo ta sa aka kira ni. Ta ce ta ji an ce na je ƙarshen duniya, in nuna mata. Na zauna kusa da ita a tsakar gida ina tura mata hotuna ɗaya bayan ɗaya. Ta gane Shugaba, ta ce ya yi ƙiba. Ta gane Kawu. Ta yaba ankon, ta tambayi kuɗin yadi. Da muka kai na ƙarshe ta ce, "To, ɗan nan, ina ruwan?"

Na koma baya ina nema. Can na samu wani, na buɗa shi da yatsu biyu, tsakanin kunnen Ma'aji da hular Sakatare ga wani ɗan tsiri shuɗi-shuɗi. Na ce, "Ga shi nan, Gwaggo."

Ta kai wayar dab da idonta, ta daɗe tana dubawa, ta miƙo mini.

"Wannan ai kududdufin bayan gari ya fi shi," in ji ta. "Nawa kuka biya?"