Babban Yatsa da Katin Jirgi: Nazari Kan Masu Zama a Ajin Gaba

Makon nan ya sake cika wayoyin mutanen Maiduguri da hotunan katin shiga jirgin sama, kowanne an ɗora shi a kan gwiwar shadda ko a gefen agogo mai walƙiya, an kuma rubuta addu'ar tafiya a ƙarƙashinsa, sai ka ce addu'a ba ta karɓuwa sai an haɗa ta da shaidar takarda. Yawan hotunan ya tayar da wata tambaya ta ilimi wadda har yau ba a ba ta haƙƙinta ba, wato su wane ne ke zama a ajin gaba, wanda ake kira bizines, a cikin jiragen da mutane ke zaɓa saboda arahar tikiti, kuma a ina mai bincike zai samu alƙaluman da za su tabbatar da hakan.

Wajibi ne a fara da fayyace abin da ake nufi da jirgi mai araha. A ma'anarsa ta asali, kamfani ne da ke sayar wa fasinja kujera tsurarta, sannan ya caje shi daban a kan jaka da abinci da zaɓen wurin zama, tsarin da kamfanin Southwest na Amurka, wanda ya fara tashi a 1971, ya share wa hanya, kamfanin Ryanair na ƙasar Ailan kuma ya kai shi maƙura, inda yake jera kujeru 189 a cikin Boeing 737-800 ba tare da ware wa kowa aji ba. Daga baya wasu kamfanonin suka lura cewa mai neman araha ma yana son a gan shi, don haka flydubai, wanda ya fara aiki a 2009, ya buɗe ajin gaba a 2013, JetBlue kuma ya kawo nasa mai suna Mint a 2014. A Najeriya, Green Africa da ya fara jigila a 2021 yana cikin waɗanda suka fi kusa da wannan tsari. Amma a filin jirgin Maiduguri, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Buhari a 2023, inda kunnuwa suka saba da sunaye irin su Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal da Azman da Rano Air da Air Peace, ma'anar ta fi sauƙi, domin jirgi mai araha shi ne duk wanda dillalin tikiti ya ce ya fi rangwame a ranar da aka buga masa waya. Magabata sun ce araha ba ta ado, sai dai magabata ba su riski zamanin waya mai kyamara ba.

Mai bincike da ya nufi hukumomi zai dawo da takardu masu nauyi da amsa maras nauyi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa takan fitar da yawan fasinjojin da suka sauka da waɗanda suka tashi a filayen jirage, takan kuma bi diddigin matsakaicin kuɗin tikiti, hukumar NCAA mai sa ido kan sufurin sama kuwa takan bayyana yawan tafiye-tafiyen da aka jinkirta da waɗanda aka soke. Duk waɗannan ƙidayar kawuna ce, ba ruwanta da inda mai kan ya ajiye jikinsa. Kamfanonin suna da jerin sunayen fasinjoji na kowace tafiya, amma sirrin kasuwancinsu ne, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tsaya a bakin ƙofa. Saboda haka ma'adanar bayanai guda ɗaya ta rage wa ɗalibin ilimi, wato sitatus na WhatsApp, wanda shafi ne da mutum ke liƙa hoto a kansa ya ɓace bayan sa'o'i 24, abin da ke nufin manazarcin wannan fanni ba shi da hutun dare.

A wannan ma'adana ce ake cin karo da babban yatsa, wanda shi ne ginshiƙin fannin baki ɗaya. Katin shiga jirgi yana ɗauke da lambar kujera, sau da yawa kuma yana ɗauke da harafin aji, inda a al'adar sufurin sama ta duniya harafin Y ke nuna ajin gama-gari, wato ikonomi, harafin C ko J kuma ke nuna ajin gaba. Wanda Allah ya ba kujera ta 1A ko 2C yakan riƙe katin da ƙarshen farce, a can gefe, cikin ladabi, don kada inuwar hannunsa ta taɓa lambar. Wanda ya samu 24E kuwa, wato tsakiyar mutum biyu a kusa da bayan gida, babban yatsansa kan sauka daidai kan lambar kamar faifai a bakin ƙwaryar fura, ya bar sunan Abuja a fili, ya bar sunan kamfani a fili, ya bar agogo a fili. Daga nan ne aka ciro ƙa'ida ta farko ta wannan ilimi, cewa nisan yatsa daga lambar kujera shi ne ma'aunin kusancin mai shi da matuƙin jirgi.

Yatsun ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su yana ɓata sakamakon bincike. Akwai yatsa mai kunya, wanda ke rufe lambar farko kaɗai, ya mayar da kujera ta 12 ta koma ta 2, wanda kuma za a iya cewa shi ne ya fi kowa sanin lissafi. Akwai yatsa mai tarihi, wanda ba ruwansa da kujera, ranar tafiya yake rufewa, domin katin na bara ne, an adana shi a cikin aljihun mota ana fito da shi duk lokacin da mai bin bashi ya matsa. Akwai yatsa mai amana, wanda ke rufe suna, saboda katin na maigida ne, mai hoton kuwa jaka ya rako. A ɓangaren mata lamarin ya fi ƙayatarwa, domin yatsan kan zo da lalle da zobe, ta yadda mai kallo zai shagala da zanen ya manta da abin da ke ƙarƙashinsa. Matsala takan taso idan kamfani ya buga lambar kujera a wuri biyu, ɗaya a jikin katin ɗaya a guntun da ake yagewa, tunda Allah bai halicci hannu da babban yatsa biyu ba, ɗaya hannun kuma yana riƙe da waya. A nan ne makullin mota ke shigowa a matsayin mataimakin yatsa, wani lokaci tazbaha, wani lokaci gilashin ido, kuma ya dace jami'o'i su ware wa waɗannan mataimaka babi nasu.

Abin tausayi shi ne duk wannan wahala ta yatsa a banza take. Zanen nan mai ɗigo-ɗigo da ke jikin katin, wanda ma'aikata ke haskawa da na'ura a bakin ƙofa, yana ƙunshe da sunan fasinja da lambar ajiyar tikitinsa da harafin ajinsa da lambar kujerarsa, kuma manhajar waya ta kyauta tana iya karanta shi daga hoto. Ke nan mai katin ya rufe ƙofar zaure ya bar katanga a rushe, ya kuma miƙa wa duk mai mugun nufi lambar da za a iya shiga ajiyar tafiyarsa da ita.

Akwai kuma rukunin da ba su buƙatar yatsa ko kaɗan, domin ƙirar jirgi ta yi musu aikin. Ƙaramin jirgin nan ƙirar Embraer 145 mai kujeru 50, irin wanda Rano Air ke amfani da shi, kujera ɗaya ce a gefen hagu, biyu a dama, daga gaba har baya. Wanda ya faɗa gefen hagu yakan samu taga da hanya shi kaɗai, kuma da ɗan karkata kyamara sai hoton ya fito kamar na wanda ya yi hayar jirgin gaba ɗaya.

Idan aka tattara waɗannan bayanai aka yi musu lissafi bisa gaskiyar abin da hotuna ke nunawa, sakamakon zai zama cewa yawancin mutanen Borno a layuka uku na farko suke zama, bayan jirgi kuma wayam, lamarin da ya saɓa wa ilimin daidaita nauyi, domin jirgin da aka loda haka ba zai ɗaga hanci daga ƙasa ba. Kuskuren ya samo asali daga waɗanda ba su shiga ƙidayar ba. Dillalin kifi na kasuwar Baga Road da babban ɗan kasuwar Monday Market, waɗanda za su iya sayen layin gaba dukansa, sukan zauna a baya da hularsu Zanna Bukar a kan gwiwa, suna lissafin abin da bambancin kuɗin zai saya na kaya, kuma ba su da lokacin hoto.

Tambayar da ta fi cancanta ita ce wane ne ya biya, kuma a nan raha take raguwa. Tafiyar Maiduguri zuwa Abuja a sama ba ta wuce sa'a ɗaya da 'yan mintuna ba, a madadin fiye da kilomita 800 ta Damaturu da Potiskum, kuma na gaba da na baya tare suke zaman jiran jinkiri, tare suke sauka. Abin da aka saya da ƙarin kuɗin shi ne faɗin kujera da labule da damar riga kowa fita. Wanda ya ciro kuɗin daga guminsa ba a da ta cewa a kansa. Amma a watan Oktoba na 2019 gwamnatin tarayya ta fitar da umarnin cewa ministoci da manyan sakatarori da shugabannin hukumomi da makamantansu ne kaɗai za su hau ajin gaba da kuɗin gwamnati, sauran ma'aikata su bi ikonomi, kuma ba a kafa irin wannan doka sai an ga abin da ya sa. A garin da ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba na 2024 ta raba dubban iyalai da gidajensu, wanda kuma ya shafe shekaru yana ɗauke da 'yan gudun hijira, rashin kunya ne mutum ya tafi taron tattauna halin marasa galihu a bayan labulen da aka saya da sunansu, ya kuma liƙa hoton a inda direbansa da ke bin albashi zai gani, telansa zai gani, ƙanwarsa da aka koro 'ya'yanta daga makaranta za ta gani, sannan ya rubuta a ƙasa cewa a taya shi da addu'a.

Sai dai adalci ya wajabta a ambaci jarrabawar da ke kan mai ajin gaba, wato saƙo. Tikitinsa yana ba shi ƙarin kilo na kaya, kuma wannan labari yakan riga shi isa gida. Tun daren tafiya ake fara sallama. Gwaggo ta aiko da turaren wuta a kai wa 'yarta a Kubwa, maƙwabciya ta kawo kwalaben humra da aka naɗe da tsumma, abokin aiki ya kawo kwalin bandar kifi yana cewa, «Yallaɓai, ɗan saƙo ne, ba shi da nauyi.» Ba a taɓa jin saƙon da mai shi ya yarda yana da nauyi ba. A bakin filin jirgin ma akwai masu tsayuwa da ambulan a hannu suna karantar fuskoki, kuma babbar riga suke nema, domin a ganinsu mai babbar riga ba zai gudu da takardar makaranta ba. Haka Alhaji zai sauka Abuja yana ƙamshin humra ta dama, yana ƙaurin banda ta hagu, wayarsa na ruri da baƙin lambobi, kowa na tambaya, «Ranka ya daɗe, ka iso? A ina zan same ka?» Mutumin da ya biya ninki don ya riga kowa fita shi ne zai kai la'asar a wurin ajiye motoci yana jiran wani yaro daga Nyanya da ya ce ga shi nan tafe. Wannan fanni na saƙo ya fi na kujera faɗi, kuma da za a auna kifin da ke bin sama daga Maiduguri a jakunkunan mutanen da ba su ci ko ƙaya ɗaya daga cikinsa ba, da an sake rubuta tarihin kasuwancin Tafkin Chadi.

Hukuncin wannan nazari shi ne a ƙyale yatsa ya huta, domin wanda ya zauna a 24E da kuɗinsa ya fi wanda ya zauna a 1A da kuɗin jama'a daraja. Mai son sanin gaskiyar lamarin kuwa ya bar sitatus ya ɗauki alƙalami, tunda Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya ya tambayi tikiti nawa ta saya, na wane aji, kuma wa ta saya wa, dokar kuma ta ba hukumar kwana 7 ta ba da amsa.