Yadda Ake Yinin Hutu a Bakin Tafkunan Dindir

Gandun namun daji na Dindir yana kudu da Gadarif, daf da iyakar Sudan da Habasha. Kogin Rahad ya yi masa iyaka ta arewa maso gabas, kogin Dindir kuma ya ratsa ta cikinsa. An keɓe shi a 1935, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000, kuma a 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke tattalinsu saboda halittun da ke ciki. Abin da ke kai mutum can shi ne tafkunan da mutanen yankin ke kira maya. Tsofaffin lungunan kogi ne da kwazazzabai, ruwan damina yana kwantawa a cikinsu, ya daɗe bayan kogin ya ƙafe ya bar yashi. Fitattu daga cikinsu akwai Ras Amir da Abdul Gani.

Lokacin zuwa daga Disamba ne zuwa Afrilu. Da damina ba a maganar tafiya, domin baƙar lakar nan da ke ba Gadarif dawa da riɗi ba ta san girman mota ba, tana riƙe Land Cruiser kamar yadda take riƙe amalanken jaki. Bazara ta fi kowane lokaci albarka ga mai son kallo. Zafi yana haura digiri 40, ƙananan kududdufai sun bushe, duk wata dabba mai ƙishirwa dole ta zo bakin maya. Rana ta gama yi wa baƙo rabin aikinsa tun kafin ya iso. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ba a kama hanya sai an tambayi hukumar kula da namun daji halin da ake ciki, an karɓi izini, an kuma ji ta bakin direbobin da suka san hanyar.

Shiri yana farawa daga tufafi. Farar jallabiya mai guga da rawani ado ne na ranar Juma'a, amma a daji gwanki yana hango ta tun daga nesa, ya sanar da danginsa cewa yau akwai baƙi. Tufa mai launin ƙasa ake sawa. Silifa kuma a bar ta a gida. Idan lakar ta bushe takan tsattsage, tsagar da hannu zai shige har wuyansa, ga ƙayar aduwa da ta dushe a zube ko'ina. Mai silifa yakan dawo da ƙafa ɗaya, ɗayar ta zama rabon daji. Guzuri kisra ne, wato gurasar dawa, da ful, wato dafaffen wake, da dabino, da jarkar ruwa wadda ta ninka abin da mutum ke zaton zai sha. Zoɓo mai sanyi ko jiƙon kuka ba ya cikin larura, amma wanda ya kawo shi ne ke zama shugaban tafiya da misalin ƙarfe ɗaya na rana.

Ana kwana a sansanin Galagu, a fita bayan sallar asuba tare da ma'aikacin gandun mai bindiga. Ba a yawo a ƙafa sai da shi, kuma a bayansa ake tafiya. Idan ya tsaya, a tsaya. Idan ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, sannu a hankali," ba lokacin tambayar dalili ba ne, domin sau da yawa dalilin ɓauna ce a bayan ciyawa, ita kuwa ba ta da haƙurin sauraron bayani.

Babban darasin yinin shi ne zama. Baƙon da ya zo da zafin nama, yana son zaga maya uku kafin hantsi, ƙura da ƙeyar dabbobi kawai yake gani. Wanda ya samu inuwar goruba ta inda iska ke busowa daga tafkin zuwa gare shi, ya shimfiɗa tabarma, ya kashe ƙarar waya, ya kama bakinsa, to daji da kansa zai zo ya gaishe shi. Zabi ne ke fara saukowa, garke guda, suna surutu. Sai kwanta-rafi, ya yi taku uku ya tsaya, ya karkaɗa kunne, ya sake uku; kafin ya sa baki a ruwa ya duba gabas da yamma ya fi sau goma. Gwambaza tana tsayawa cikin ciyawa ta ƙura wa mutum ido har shi ne zai fara jin kunya. Gadu kuwa durƙusawa yake a kan gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa, idan wani abu ya firgita shi ya miƙe wutsiya sama ya zura, 'ya'yansa na biye a jere, kowanne da tasa wutsiyar a tsaye. Duk wanda ya iya riƙe dariya a wannan lokaci ya cancanci yabo. A cikin ruwan akwai kwasakwasa da zalɓe da dinya, borin tinke kuma yana gefe ya dafe wuya yana jiran kifin da ruwa ya janye ya bari.

Da azahar kowa yakan kwanta, har dabbobin. Nan ake buɗe guzuri, nan kuma gwaggon biri ke shigowa labari. Yana zama nesa kaɗan yana sosa ciki, fuskarsa na kallon wani wuri, alhali lissafin kwanon ful yake yi. Ba a ba shi ko loma ɗaya, domin birin da ya saba da hannun mutum ya zama fitina ga duk wanda zai zo daga baya. A rufe kwano, a rufe gilashin mota, a naɗa yaro ɗaya mai gadi. Bayan an ci, a dafa jabana, wato gahawa, da citta, a yi ƙailula. Wanka a maya ba ya cikin tsarin, komai zafi. Ruwan na masu shi ne.

Tambayar da kowane baƙo ke yi ita ce ta zaki. Akwai zakuna a Dindir, amma ganinsu rabo ne, kuma da yawa sawunsu kawai suke samu a kan yashi, ko su ji gurnaninsu da dare daga shimfiɗa. Wannan ma abin ba da labari ne, muddin ba a ƙara masa gishiri ba a hanyar komawa Gadarif. Raƙumin dawa kam kada a wahalar da ma'aikaci da nemansa, ya ɓace daga gandun shekaru da dama da suka wuce. Farauta da gobarar daji da shigar garkunan shanu sun rage dabbobin, wasu tafkunan kuma laka ta cike su. Saboda haka ba a jefar da guntun sigari, ba a barin leda ko gora, kuma wutar jabana sai an kashe ta da ruwa an rufe da ƙasa.

Da la'asar sakaliya dabbobi sukan dawo shan ruwa karo na biyu, hasken ma ya fi kyau ga mai ɗaukar hoto. Ana tashi kafin magariba. A dajin dushe da aduwa akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai cizo da dare, shi ke yaɗa cutar kala-azar da jihar Gadarif ta daɗe tana fama da ita. Don haka a sa riga mai dogon hannu, a kwana cikin gidan sauro mai ƙananan ƙofofi, kuma duk wanda zazzaɓi ya ƙi sakinsa bayan ya dawo gida ya je asibiti, ya faɗa wa likita inda ya kwana.