Itaciyar da Ke Jikin Bango

Wani attajiri a Tozai ya tara mutane a zaurensa bayan la'asar, ya nuna musu zanen da ya sa wani yaro mai fentin manyan motoci a Illela ya yi masa. Gawo ne guda ɗaya tsaye a tsakiyar fili, rassansa sun miƙe kamar mai roƙon ruwa, sama a bayansa ta yi jajir. Da ka yaron ya zana shi, domin gawon da kansa, wanda ke gonar gadon attajirin, tun bara masu gawayi suka saye shi. Kowa a zauren ya san haka, kowa kuma ya ce ma sha Allah.

Wani dattijo da ya daɗe yana tuƙi a hanyar Agadas ya ƙura wa zanen ido, sannan ya ce, "Alhaji, ka tuna mini da wata itaciya."

Ya ce a hamadar Tenere, kan hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma, akwai wata itaciyar ƙaya ita kaɗai tal. Sai ka yi kwanaki a kan raƙumi ba ka ga 'yar'uwarta ba, har Turawa suka sa ta a taswira kamar gari. Da aka haƙa rijiya kusa da ita wajen 1939, aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana bin ruwa. Buzaye su sauka a gindinta da raƙuma masu yunwa, ga sanyin dare, ga butar shayi na jiran wuta, amma babu mai karyar ko tsinke ɗaya. Kaka ya bar wa uba, uba ya bar wa ɗa.

"A 1973 wani direba ya banke ta da mota. Duk faɗin hamadar nan, Alhaji, ita ya samu."

Aka kwashe gawarta zuwa gidan tarihi na Yamai, aka yi mata rumfa, aka buga hotonta a kan sarki, aka kafa itaciyar ƙarfe a gurbinta. Ya ce ya je Yamai ya gan ta da idonsa, mutane na ta ɗaukar hoto. Ya tsaya ya daɗe, hawaye suka zo masa, don ya taɓa yin azahar a inuwarta.

Zaure ya yi tsit. Ni dai zuciyata tana wurin 'ya'yan gawon nan da awakinmu ke tsinta da rani, da geron da ya fi ko'ina tsayi a ƙarƙashinsa.

Dattijo ya ɗauki sandarsa ya yi sallama. Hanyar gidansa ta gefen gonar take, muna hangensa har ya wuce kututturen, ya ɗora rawani a ka saboda rana.