Yanken Taubashi Zuwa Dam ɗin Challawa

Likita ne ya fara ja mini, da ya dubi tumbina ya ce in riƙa tafiyar ƙasa. Da na je biki Ƙaraye bayan kaka, maganar ta faɗa kunnen taubashina, ya ce ai ga magani a gonar yaro: mu taka zuwa dam ɗin Challawa, ya san wani yanke, kafin shayi ya huce mun isa.

Na ɗaura sabon kambas, shi kuwa silifas ya zura. Mun wuce gonakin dawa lafiya lau, har ina yi masa bayanin amfanin motsa jiki. Daga nan hanya ta ƙare. Ƙarangiya ta kama wandona tun daga idon sawu har gwiwa, kambas ya fara cin dunduniya, muka gangara wani kwazazzabo da mazaunai, muka hau wani fa da rarrafe. Duk wanda muka tambaya sai ya nuna gaba da leɓe, ya ce, "Ga shi nan, kun ma iso." Mutumin karkara ba ya ƙarya, ƙafarsa ce dai ba irin tamu ba.

A gefen wata ruga karnuka suka fito gaishe mu. A nan na gane likita bai san ni ba, don gudun da na yi da wannan tumbi ko ɗan bautar ƙasa sai haka. Hulata tana can har yau. Wata dattijuwa ɗauke da ƙwaryar nono ta tarar da ni rungume da kuka ina haki, ta ce, "Sannu Alhaji, jakinka ne ya ɓata?"

Rana ta take tsaka muka hango ruwan, shimfiɗe har inda ido ya gaza, masunta a kwalekwale suna jan koma. Kyau kam akwai shi. Ina kwance ina lissafin bororon ƙafata, taubashi ya tsaya a kaina yana lacca: a 1992 aka gama ginin, tsayin bangon mita 42, ruwan nan shi ke gangarawa ya haɗu da Kogin Kano su nufi Haɗeja.

"Tsawon bangon ya kusa kilomita 8," in ji shi. "Tashi mu bi ta kai mu ga ƙarshensa, bawana."

Ban samu bakin ba shi amsa ba sai ga ƙarar babur. Ɗan acaɓa ne ya sauke wani mai sarin karfasa da tarwaɗa, rigarsa fes, ko ƙura babu. Na tambaye shi daga ina, ya ce daga cikin gari mana, ga hanya nan ɓaro-ɓaro. Taubashi ya juya yana kallon tsuntsaye.

Mai karatu, dam ɗin Challawa ya cancanci ziyara. Idan ka sauka a Ƙaraye ka nemi ɗan acaɓa, kuma kada ka bari taubashinka ya san ka shigo gari.